Ya rabu da taramol, yanzu ya karye a ƙafa: in gaya wa likita ko in rufa masa asiri?

Anti, assalamu alaikum. Daga Garwa ta ƙasar Kamaru nake rubuto miki, don Allah a sakaya sunana. Maigidana ɗan acaɓa ne, 'ya'yanmu uku. Ya yi shekaru yana shan taramol, har ta kai yana faɗuwa yana shure-shure kamar mai farfaɗiya. Bara Allah ya sa ya yarda yayansa ya kai shi wajen wani likita, aka ɗora shi kan wata ƙwaya da yake sawa a ƙarƙashin harshe kullum da safe, wai ita bufurenofin. Tun daga lokacin hankalinmu ya kwanta. Har Alƙur'ani ya dafa ya rantse ba zai ƙara shan ƙwayar maye ba.

Makon nan mota ta buge shi, ƙashin ƙwaurinsa ya karye, an ce za a yi masa aiki a sa ƙarfe. Daren farko aka rubuto mana taramol a ordonans, wato takardar sayen magani, ya hana ni saya, ya ce wa ma'aikatan jikinsa ba ya so. Farasitamol kawai yake karɓa, ba ya barci, sai gumi da cizon zane. Ƙwayarsa ta ƙarƙashin harshe a ɓoye yake sha, kuma ta kusa ƙarewa. Ya ce in na gaya wa likita tarihinsa na tona masa asiri, za a riƙa yi masa kallon ɗan ƙwaya. Hajiya mahaifiyarsa ba ta san yana kan magani ba, ita dai so take a kai shi wajen mai ɗori. Jiya kuma na tsinci kati guda na taramol mai miligiram 225 a ƙarƙashin matashinsa, wani abokinsa ne ya kawo. Bai ɓalli ko ɗaya ba, na ɗauke na ɓoye. Anti, in yi shiru in bi umarninsa, ko in yi magana? Kuma in aka yi masa allura mai ƙarfi, ba zai koma gidan jiya ba?

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah ya ba shi lafiya, ke kuma sannu da jinya. Ki fara da lura da abin da kika rubuta da hannunki: katin ya kwana a ƙarƙashin kansa, ƙafa na yi masa zogi, bai ɓalli ko ɗaya ba. Mutumin da ya iya wannan ba mai neman hanyar komawa ba ne. Tsoro ne ya cika shi, kuma wanda maciji ya sara in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Sai dai tsoron ya sa ya zaɓi hanyar da ta fi kowacce haɗari, domin daren da zai gaji yana nan tafe, kuma abokin da ya kawo kati ɗaya ya san inda zai samo na biyu.

Amsata a taƙaice ita ce dole likitan da zai yi aikin da wanda zai sa shi barci su sani kafin a shiga da shi ɗakin tiyata. Abin da ya rage shi ne yadda za a faɗa da wanda zai faɗa. Amma bari in fara yi miki bayanin dalilin, don in kin je wajen maigidan ki tafi da hujja, ba da kuka kaɗai ba.

Bufurenofin da taramol dangi ɗaya ne, su da mofin da kodin da metadon. Wuri ɗaya suke kamawa a ƙwaƙwalwa. Bambancin bufurenofin shi ne tana kama wurin ta riƙe shi gam, ta daɗe, kuma ba ta jefa mutum cikin maye da sauka kamar yadda taramol ke yi, shi ya sa mai shan ta kan tashi ya yi aikinsa kamar kowa. Ba canjin ƙwaya da ƙwaya ba ne kamar yadda wasu ke faɗa a majalisa. Tun 2005 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta, ita da metadon, cikin jerin muhimman magunguna. To amma ƙwayar da yake sha da safe an auna ta ne don ta hana shi ƙishirwar taramol da ciwon rashinta har wayewar gari. Ƙarfinta na kashe zafi kuwa ba ya wuce awa shida zuwa takwas. Wato da azahar ta yi, abin da ya sha da safe ya daina taimaka wa ƙafar. Ga shi kuma jikin da ya daɗe da irin waɗannan magunguna ya saba da su, awon da zai kwantar wa maƙwabcin gadonsa da zafi shi ba lallai ya ishe shi ba, sannan sau da yawa irin wannan jiki ya fi na sauran mutane jin zafi. Don haka in kika ga yana gumi yana cizon zane, ba raki ba ne, ba kuma dabarar neman ƙwaya ba ce. Ciwon ne.

Yanzu ki duba abin da zai faru in aka yi shiru. Ma'aikacin da bai san komai ba zai auna masa magani daidai da wanda bai taɓa sha ba, ya ga bai yi aiki ba, ya ƙara, ya fara zargi. Ko kuma ƙwayar ƙarƙashin harshen ta ƙare ana tsakiyar jinya, bayan kwana ɗaya zuwa uku a ga hamma da hawaye da majina da zawo da ciwon gaɓoɓi sun hau kan karaya, a ɗauka zazzaɓin cizon sauro ne ko ƙwayar cuta ta shiga ciwon. Akwai ma allurai irin su nalbufin da fentazosin da ake kauce musu ga mai irin wannan magani, domin suna iya tayar masa da ciwon rashin ƙwaya nan take. Akwai kuma nefofam, wanda aka fi sani da Acupan, da ake yawan zubawa a ruwan ƙari a asibitocinmu. Ba dangin taramol ba ne, amma ba a ba wanda ya taɓa faɗuwa irin ta farfaɗiya, kuma kin ce maigidan ya taɓa. Wa zai san wannan in ba a faɗa ba? Haka diyazefam, wanda ake iya ba shi da kyakkyawar niyya don ya samu barci: haɗa shi da waɗannan magunguna na iya danne numfashi. Duk wannan likita zai kiyaye cikin minti ɗaya in ya sani.

In kuwa an faɗa, abin da ake yi ba wani sabon abu ba ne. Ba a tsayar da bufurenofin. A da an fi dakatar da ita kwanaki kafin aiki, amma yanzu shawarar masana ita ce a ci gaba da ita har ranar aikin, saboda an ga dakatarwar ce ke jefa mutane cikin wahala da komawa ruwa. Likita na iya raba awon na yini gida uku ko huɗu don ta riƙa taimaka wa zafin dare da rana, ko ya ɗan ƙara na 'yan kwanaki. Wannan hukuncinsa ne, kada ku raba da kanku. A kan haka sai a jera magungunan da ba su da alaƙa da maye. Farasitamol a kan lokaci, ba sai ciwo ya taso ba, kada ya wuce giram 4 a yini ga babba, ƙasa da haka in yana da ciwon hanta, wanda ya kamata a duba tunda ciwon hanta nau'in B ya yi yawa a yankinmu. Ibufurofen ko dikulofenak na 'yan kwanaki, in ba shi da gyambon ciki ko matsalar ƙoda kuma likitan ƙashi ya amince. Aikin ƙafa sau da yawa da allurar gadon baya ake yin sa, wadda ke kashe jiki daga ƙugu zuwa ƙasa mutum na farke, kuma akwai allurar da ake yi kusa da jijiyar ƙafar ta kashe wurin na tsawon awoyi bayan an fito. Akwai ketamin ɗan kaɗan, wanda kusan duk ɗakin tiyata yana da shi, kuma yana da amfani musamman ga jikin da ya saba da dangin mofin. Ɗaga ƙafar a kan matashi da hana ta motsi su ma suna rage zogi fiye da yadda ake zato.

In duk waɗannan ba su isa ba, a ba shi mofin, kuma ya karɓa. Na san nan ne zuciyarki ke bugawa. Mofin da ma'aikaci ya auna ya ba shi a kan gado, na kwana biyu ko uku, bufurenofin na nan a jikinsa, ana duba numfashinsa, ba shi ne ke mayar da mutum gidan jiya ba. Abin da aka fi gani yana mayar da mutane shi ne ciwon da aka bari ba magani, da rashin barci, da jin cewa ba mai taimako sai ɗan tebur. Abu ɗaya da zan goya masa baya a kai shi ne ƙin taramol ɗin asibiti. Ita ce ta kama shi, ita ce ta kayar da shi, akwai kuma abin da ya fi ta. Sai ki riƙa karanta ordonans da kyau kafin ki je farmasi, domin tana zuwa da wasu sunaye: Trabar, Topalgic, Contramal, da Ixprim wanda haɗi ne na ita da farasitamol. In kin yi shakka ki tambayi mai farmasin kai tsaye ko akwai taramol ko kodin a ciki.

Kada kuma ki ji haushin ma'aikacin da ya rubuta ta a daren farko. Ita ce maganin da ke hannu, mai araha, ba ta da wahalar takardu irin ta mofin, kuma ga yawancin masu karaya tana aiki. Bai san da wa yake magana ba. Taramol ta cika arewacin ƙasar nan har ta kai a 2013 wasu masu bincike suka ce sun same ta a saiwar tafashiya, aka ɗauka itacen ne ke yin ta. A 2014 wasu suka sake dubawa suka ce daga fitsari da kashin mutane da shanun noma da ake ɗirka wa ita ta shiga ƙasa a yankin Arewa Mai Nisa. Ina faɗa miki wannan ne don ki gane babu likita ko anfirmiye, wato ma'aikacin jinya, a Garwa ko Marwa da labarin maigidanki zai ba mamaki. Sun ga ɗaruruwa, yawancinsu ma ba su kai inda ya kai na neman magani ba.

To, batun asiri. Maigidanki na da hakki a kan labarinsa, kuma kunyar da yake ji ba ta banza ba ce. Akwai ma'aikatan da bakinsu ba shi da linzami, akwai ɗakin jinya mai gado takwas da kowa ke jin maganar kowa. Don haka kada ki fara da zagayawa ta bayansa. Ki sami lokacin da masu dubiya suka watse, bayan isha, ki zauna kusa da kansa. Ki fara da katin: ki gaya masa kin gani, kin ɗauke, kuma kin lura bai taɓa ba. Ki bar shi ya ji cewa kin ga ƙoƙarinsa kafin ki roƙe shi komai. Sannan ki ce masa ba duniya za a gaya wa ba, mutum biyu ne, likitan ƙashi da mai sa barci, a ofis ƙofa a rufe, kuma aikinsu ya ɗora musu riƙe sirrin majinyaci. Ki ba shi zaɓi. Ko ya faɗa da bakinsa, ko ke ki faɗa yana wurin, ko kuma, wanda nake ganin ya fi sauƙi ga namiji mai jin nauyi, a kira likitan da ke ba shi bufurenofin a waya ya yi magana da su likita da likita, ya rubuto sunan maganin da awonsa a saka cikin karne, wato littafinsa na asibiti. Wannan kiran ma ko yaya aka yi sai an yi shi gobe da safe, tunda ƙwayar ta kusa ƙarewa kuma ba kowace farmasi ke da ita ba. Yayansa da ya kai shi tun farko shi ne mutumin da za ki jawo. Ya riga ya sani, ba sabon kunne ba ne, kuma akwai maganar da ƙane zai ji daga bakin wansa da ba zai ji daga bakin matarsa ba.

In duk an yi haka ya kafe, ranar aiki ta zo, to ki gaya masa a fili cewa za ki sanar da mai sa barci, sannan ki je ki sanar. Kada ki yi a ɓoye, kada kuma ki fasa. Zai yi fushi, wataƙila ya yi kwanaki ba ya kallonki. Na fi son ki ɗauki wannan fushin a kan ki tsaya bakin ƙofar tiyata kina sane da abin da waɗanda ke ciki ba su sani ba.

Rantsuwar da ya yi ita ma kada ki raina ta, ina jin tana cikin abin da ke hana shi karɓar magani ko da bai faɗa ba. A kan maye ya rantse, ba a kan jinya ba. In zuciyarsa ba ta natsu ba, a kira malamin da ya yarda da shi ya zo dubiya su tattauna su biyu. Malamai sun san hadisin da ya ce wanda ya yi rantsuwa sannan ya ga abin da ya fi alheri, ya aikata wanda ya fi alherin ya yi kaffara, kuma kaffarar tana cikin Suratul Ma'ida. Sau da yawa jumla ɗaya daga bakin malami ta fi dogon bayanin likita saurin shiga.

Hajiya kuwa ba sai ta san batun maganin ba, wannan shi zai zaɓi ranar da zai gaya mata in ya ga dama. Uwa ce ta ga ɗanta na wahala a gadon asibiti ga kuɗi na fita, kuma ta san mutanen da mai ɗori ya ɗora suka taka. Ki bi ta da ladabi, ki bar wa yayan maganar. A nuna mata hoton ƙashin, a gaya mata likita ya ce irin wannan karayar sai da ƙarfe. Abin da nake tsoro a wajen ɗori, ban da ƙafar ta haɗe a karkace, shi ne ɗaurin da ya yi tsauri ya hana jini gudu, da kuma cewa a can babu mai kula da zafin, duk wanda ya zo dubiya da abin da zai zaro daga aljihu. Rubutu da addu'a da tofi duk ta kawo, ba su hana komai.

Akwai wani abu da nake so ki riƙe sosai, domin masu tarihi irin nasa ne aka fi yi wa sakaci a kai. Karayar ƙwauri na iya kumbura daga ciki har naman ya matse jijiyoyin jini. Alamarsa ciwo ne da ke ƙaruwa maimakon raguwa, wanda magani ba ya taɓawa, ƙafa ta yi tauri, yatsu su yi sanyi ko su mutu, in an motsa babban yatsa ya yi ihu. Kafin aiki ne ko bayansa, ko a cikin filasta, in kin ga haka ki tayar da ma'aikaci ko ƙarfe nawa ne, kada ki yarda a ce miki ƙwaya yake nema. Awoyi kaɗan ne tsakanin ceton ƙafar da rasa ta. Haka kuma in bayan allura kika ga barcinsa ya yi nauyi ba ya tasuwa, yana wani irin minshari, numfashi na ja da nisa, leɓe ya canza launi, ki juya shi gefe ki kira taimako. Akwai allura mai suna nalokson da ke warware wannan, kuma ba laifi ki tambaya tun yanzu ko suna da ita a kusa.

Katin 225 ɗin nan kada ya kwana a jakarki. Taramol ta asibiti galibi miligiram 50 ko 100 ce, kuma ba a wuce 400 a yini. Ta kasuwa ƙwaya biyu sun haura wannan iyaka, ba a ma da tabbacin abin da ke ciki. Ga mutumin da ya yi watanni bai sha ba, awon da ya saba sha a da yana iya kayar da shi ko ya kashe shi. Ki miƙa wa likita ko mai farmasin asibitin su zubar. Abokin kuma ba sai an yi rigima da shi ba, a ganinsa taimako ya kawo, wataƙila shi ma yana cikin halin da maigidanki ya fito. Yayan ya ja shi gefe ya ce masa an gode, amma kada a sake, kuma daga yau dubiyarsa ta zama lokacin da akwai wani a ɗakin.

Ranar sallama ta fi ranar aiki bukatar shiri, domin a gida babu anfirmiye. Kafin ku fito ki tabbatar bufurenofin da za ta kai shi ranar ganin likitansa tana hannu, kuma an sa ranar, cikin makon farko in zai yiwu. In an haɗo shi da magani mai ƙarfi, a ba da na kwanaki kaɗan, a rubuta lokutan sha da ranar dainawa, ya zauna a wajenki a kulle inda yara ba sa kaiwa, ke ce mai miƙawa. Ku yi wannan yarjejeniyar tun yana asibiti, da yardarsa, don kada a gida ta zama kamar kin zama ɗan sandansa. Abin da ya rage a mayar farmasi.

Sai batun cefane, wanda ba ki ambata ba amma na san yana ranki. Ƙashin ƙwauri kan ɗauki watanni kafin ya ɗauki nauyin mutum, balle tuƙin moto a kan hanyoyinmu. 'Yan acaɓa da yawa don su jure dogon yini suka fara shan taramol, kuma mai iyalin da ke kwance yana jin tukunya ba ta hau wuta ba zai so ya tashi kafin lokaci, ya nemi abin da zai danne ciwon ya hau moto. Ku zauna da yayan tun yanzu a san wanda zai riƙe gidan, ko a ba wani amintacce moton yana kawo balas kullum har likita ya ce ya taka. Ke ma ki nemi 'yar'uwa ta karɓe ki kwana ɗaya a asibitin ki je gida ki yi barci, jinyar nan da sauran tafiya. In an yi aikin ki rubuto min yadda ake ciki.